Mataimakan asibitin ido

Mataimakan asibitin ido ma'aikata ne da ake horarwa su ɗauke wa likita ayyukan da ba lallai sai shi ba, domin ya samu sararin yin tiyata. Likitocin ido a Najeriya ba su da yawa, akasarinsu kuma suna manyan birane. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido, wadda tiyata ke warkarwa, ita ce kan gaba wajen jawo hakan.

A birni irin Jos, inda mutanen ƙauyukan Filato da jihohin maƙwabta ke zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko kuma asibitin Jankwano, aikin mataimaki kan fara ne da awon gani. Zai tsayar da mai jinya mita 6 daga allo, ya rufe masa ido ɗaya. Wanda bai iya karatun boko ba, akwai allon harafin E: sai a ce, "Baba, nuna da yatsu ina ƙafafunsa suka duba." Daga nan sai ɗiga magani, auna ƙarfin ruwan ido, tafasa kayan aiki, canza bandeji, da bayyana wa wanda aka yi wa tiyata, da harshensa, yadda zai kula da idon a gida. Wannan na ƙarshe an fi raina shi, alhali sau da yawa shi ke sa mutum ya dawo ranar da aka ba shi.

Asibitin Aravind na Indiya, wanda aka kafa a 1976, ya yi suna wajen horar da 'yan matan karkara na shekara biyu kan waɗannan ayyuka. A nan gida, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da nas-nas na ido, Cibiyar Carter mai ofis a Jos kuma ta daɗe tana amfani da 'yan sa-kai na gari wajen raba Mectizan, maganin makantar kogi.

Tsarin yana da iyaka. Cire yanar ido da gano hawan jinin ido aikin likita ne, kuma mataimakin da ba a sa masa ido kan wuce gona da iri. Wanda aka horar ba a ba shi gurbi da albashi ba kuwa, yakan bar aikin.