Maɗaurin wuya, ɗamarar ƙirji da ragamar kare

Kayan da ake sa wa kare don a riƙe shi da igiya, a wajen yawo ko horo, manyansu uku ne: maɗaurin wuya, ɗamarar ƙirji da ragama. Abin da ya raba su shi ne inda ƙarfin ja yake sauka idan igiya ta miƙe. A na farko wuya ne ke ɗauka, a na biyu ƙirji da kafaɗu, a na uku kuwa karan hanci da ƙeya. Kare ya fi mutum saurin tafiya, ga hancinsa yana kiransa ta ko'ina, don haka jan igiya ɗabi'arsa ce har sai an koya masa akasin haka. Babu ɗaya cikin kayan nan da ke yin wannan koyarwar da kansa. Aikinsu rage wahala da kare lafiyar dabbar kafin horo ya kama.

Maɗaurin wuya

Shi ne mafi daɗewa. A kabarin Maiherpri, wani bafade na zamanin Fir'aunoni, da ke Kwarin Sarakuna a Masar an samu maɗauran wuyan karnuka na fata masu ado, waɗanda suka haura shekara 3000. Makiyayan Turkiyya da Sifaniya sun daɗe suna sa wa karnukan garke maɗaurai masu ƙusoshi a waje, don kyarkeci ya kasa cafke musu maƙogwaro. A fadar Leeds da ke yankin Kent a Ingila har gidan tarihi aka ware wa irin waɗannan kaya.

Na yau da kullum madauri ne mai faɗi na fata ko nailan, da maɓalli da zoben maƙala igiya. Babban amfaninsa ɗaukar shaida. A Birtaniya, wata doka ta 1992 ta wajabta wa kare da ke wurin jama'a ya kasance da maɗauri mai ɗauke da suna da adireshin mai shi, ban da wasu karnukan aiki. Gwajin da aka saba da shi don gane ko girmansa ya yi daidai na yatsu biyu ne: su shiga tsakanin maɗaurin da wuya ba tare da an tura da ƙarfi ba, amma kada ya iya zarcewa ta kan kunnuwa idan kare ya ja da baya.

Matsalar ita ce abubuwan da ke ƙarƙashinsa. Ga maƙoshi da bututun iska, ga jijiyoyin da ke kai jini kai, ga ƙasusuwan wuya bakwai. Kare mai ja yakan yi tari da shaƙewa, amma ya ci gaba da ja, wanda ke nuna cewa zafin bai isa ya zama darasi ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya gano cewa matsin cikin ido yana hauhawa idan kare ya ja da maɗaurin wuya, bai kuma ga haka ba da ɗamara. Shi ya sa likitocin dabbobi ke hana shi ga kare mai ciwon hawan matsin ido ko wanda aka yi wa aikin ido. Haka ƙananan karnuka irin su Yorkshire terrier, Pomeranian da Chihuahua, waɗanda bututun iskarsu ke saurin lotsewa, da masu gajeren hanci irin su pug da bulldog, waɗanda dama numfashi ya zame musu aiki.

Akwai nau'in da ake kira martingale, mai ɗan ƙaramin zagaye na biyu da ke tsukewa idan an ja, amma ya tsaya a iyakar da aka saita. An fi saninsa da karnukan gudu irin greyhound, waɗanda kansu bai fi wuyansu kauri ba, maɗauri na yau da kullum sai ya sulluɓe. Idan an saita shi daidai ba ya shaƙewa.

Sarƙar zarge, wadda ba ta da iyakar tsukewa, da maɗauri mai ƙayoyin ƙarfe a ciki, da mai bugun lantarki, duk da zafi ko tsoro suke aiki. Masu amfani da su sukan ce suna kawo sakamako cikin gaggawa. Sai dai kare na iya danganta zafin da abin da yake kallo a lokacin, yaro ne ko wani kare, ba da jan da ya yi ba, sai a kashe wata matsala a haifi wadda ta fi ta. Yankin Wales ya haramta na lantarki a 2010, wasu ƙasashen Turai kamar Jamus da Denmark su ma sun hana. Binciken Jami'ar Lincoln na 2020 bai ga ya fi horo da tukuici ba wajen sa kare ya amsa kira.

Ɗamarar ƙirji

Ɗamara tana zagaye ƙirji da bayan ƙafafun gaba, ta bar wuya sakayau. Wurin da zoben igiya yake shi ne ke sauya komai. Idan a gadon baya yake, kare yana samun damar zuba nauyinsa duka gaba, kuma da wannan tsari ne karnuka ke jan keken ƙanƙara. Wannan ya sa ake yawan cewa ɗamara tana koya wa kare ja. Gaskiyar magana ba ta koya masa, ta dai cire masa wahalar yi. Ga ƙaramin kare, ko wanda ya iya tafiya ba tare da ja ba, ko wanda ake sakar wa doguwar igiya a fili, ita ce ta fi dacewa, domin kare da ya taho a guje ya ƙure igiya mai tsawon mita 10 da wuyansa zai iya jin mummunan rauni.

Idan zoben a gaban ƙirji yake, da zarar kare ya fizga sai jikinsa ya karkato wajen mai riƙe da shi, ƙarfin ya lalace. Wannan na taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da babban kare. Aibinta shi ne takan zame gefe, igiya ta riƙa shiga tsakanin ƙafafu. Da yawa masu horo suna haɗa zobban biyu da igiya mai ƙugiya a kowane ƙarshe, na baya ya riƙe, na gaba ya juya.

Ɗinkin ma abin dubawa ne. Ƙafar gaban kare tsoka ce ke riƙe da ita a jiki, allon kafaɗa yana zamewa gaba da baya a kowane taku. Ɗamarar da madaurinta ya gitta ƙirji a miƙe tana bi ta kan gaɓar kafaɗa. Wadda ta rabu biyu daga ƙashin ƙirji ta hau gefen wuya ta fi barin gaɓar a buɗe, ko da yake gwaje-gwajen tafiya sun nuna kowace iri tana ɗan rage miƙewar kafaɗa. Alamar rashin dacewa a hammata take fara fitowa: gashi ya zube, fata ta yi ja. A bar tazara tsakanin madaurin ciki da gwiwar ƙafar gaba. Kare mai tsoro kuma ya iya ficewa daga ɗamara ta hanyar ja da baya yana sunkuyar da kai, don haka irinsa ake nema wa mai madauri na uku a bayan haƙarƙari.

Ragama

Dabarar daga doki aka aro ta: inda kai ya nufa, can jiki zai bi. Madauri ɗaya yana zama a ƙeya, dab da bayan kunnuwa, ɗaya ya zagaye karan hanci, igiya kuma yawanci a ƙarƙashin haɓa. Biyu ne suka fi suna, Halti ta masanin halayyar dabbobi Roger Mugford a Ingila, da Gentle Leader wadda likitan dabbobi R. K. Anderson na Jami'ar Minnesota ya ƙirƙira tare da Ruth Foster a shekarun 1980. Masu wucewa sukan ɗauka takunkumi ce, su kauce. Ba ita ba ce. Kare mai ragama yana haki, yana shan ruwa, yana ci, kuma yana iya cizo.

Babu abin da ya kai ta ba mutum iko da ɗan ƙarfi kaɗan, babu kuma wanda karnuka suka fi ƙi da farko. Wanda aka ƙaƙaba wa ita rana ɗaya zai yi ta kartar fuska da ƙafa, yana goga hanci a ƙasa, wani ma ya kwanta ya ƙi motsi. Sai an bi a sannu. A riƙe zagayen hancin a buɗe, a sa ɗan nama ta ɗaya gefen, kare ya zura hancinsa da kansa ya ɗauka, a janye. Bayan ya saba sai a ɗaura na 'yan daƙiƙu yana cin abinci, a ƙara lokaci kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, kafin a kai ga maƙala igiya. Ba a fizgar ragama, ba a kuma haɗa ta da doguwar igiya ko mai naɗe kanta, saboda murɗewar wuya. Idan madaurin hanci yana hawa gefen ido, girman bai yi ba. Masu gajeren hanci kuwa ba su da inda za ta zauna.

Wajen zaɓe

Jikin kare ake fara dubawa kafin halinsa. Mai matsalar numfashi, ido ko wuya, ɗamara. Lafiyayye mai tafiya igiya a sake, maɗaurin wuya ya wadatar. Ƙaƙƙarfa mai fizga a fara masa da ɗamara mai zoben gaba, in ya fi ƙarfinta, ko yana zabura kan wasu karnuka, a koma ragama tare da igiyar kariya da ke haɗe da maɗaurin wuya ko da ta zame. Karnuka da yawa suna sa biyu a tare, maɗauri don shaida, ɗamara don igiya. Kwikwiyo kuwa girma yake kullum, sai a riƙa gwada yatsu biyun nan duk mako. Ana cire ɗamara da ragama idan an dawo gida, maɗaurin wuya ma ana cire shi kafin a sa kare a keji ko a bar shi yana kokawar wasa da ɗan'uwansa, domin muƙamuƙin ɗaya kan maƙale a maɗaurin ɗayan.