Salon Sin a Tufafin Matan Turai

Salon Sin, wanda Faransawa ke kira shinwazari, shi ne kwaikwayon zane-zane da kayan adon ƙasar Sin da Turawa suka riƙa yi a gine-gine da kayan ɗaki da sutura, kuma ya fi bunƙasa a ƙarni na 18. Sha'awar ta daɗe, domin tun zamanin daular Rumawa alharinin Sin yake isa Turai ta hannun fatake, amma sai da jiragen ruwan Fotugal suka isa gaɓar Sin a 1513, sannan kamfanonin kasuwancin Ingila da Holan da Faransa suka biyo baya, kayan suka wadata.

Daga 1757 hukumomin Sin suka taƙaita cinikin Turawa a tashar jiragen ruwa ta Kanton da ke kudancin Sin, inda masu sana'a suke zana furanni da tsuntsaye da fenti a kan alharini, suna kuma sassaƙa mafitai na hauren giwa, yawanci bisa abin da 'yan kasuwar Turai suka yi oda. A birnin Paris kuwa maɗinka sukan mayar da yadin doguwar riga mai faɗin ƙugu irin ta matan fada, wadda babu abin da ya haɗa yankanta da suturar Sinawa. Masaƙan birnin Liyon na Faransa da na Landan su ma suka shiga saƙa hotunan hasumiyoyi da gadoji da mutane riƙe da laima, alhali galibin masu zanen, har da mai zanen Faransa François Boucher da ya shahara da wannan salo, ba su taɓa taka ƙasar Sin ba. Saboda haka abin da matan suka sanya ya fi kusa da Sin ɗin da Turawa suka ƙiyasta a zukatansu.

Mayafin Manila, wani mayafin alharini da ya samo sunansa daga birnin Manila na Filifin, ya cancanci a dube shi da kyau. A Kanton ake yi masa surfani, a bi da shi ta Filifin da Meziko zuwa Sifaniya, inda aka ƙara masa dogayen tuntaye, har ya zama suturar masu rawar gargajiyar ƙasar da ake kira filamenko, kuma da yawa sun manta asalinsa.

Salon ya farfaɗo a ƙarni na 20 a hannun Paul Poiret, mai tsara tufafi ɗan Faransa, sannan takwaransa Yves Saint Laurent ya fitar da jerin tufafi masu fasalin Sin a 1977. A 2015 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya baje kolin wannan tarihi, kuma mutane fiye da 800,000 suka ziyarta.