Me ake nufi da "gwagwarmaya da alƙalami"?

Kwanan nan ina yawan cin karo da kalmar nan a shafukan mutane. Wani ya rubuta a ƙasan hotonsa "ɗan gwagwarmaya da alƙalami", wata ta sa "'yar fafutuka", wani ma ya haɗa duka biyun. Gaskiya ina jin daɗin ganin haka, don ko ba komai alama ce mutum ya damu da abin da ke damun jama'a. Amma da na fara bin rubuce-rubucen wasunsu sai na ga kamar mun ɗauki sunan mun bar aikin a baya, shi ya sa na ce bari mu ɗan zauna mu warware kalmar.

A taƙaice dai, gwagwarmaya da alƙalami ita ce mutum ya yi amfani da rubutu don ya sauya tunanin wani, ko ya sa mai iko ya aikata wani abu da ya shafi al'umma. Alƙalamin ba lallai biro ba ne, yanzu mafi yawanmu da babban yatsa muke yin sa a waya. Zai iya zama buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaba, ko takardar koke da aka tara mata sa hannu, ko sharhi a jarida, ko waƙa, ko fostin guda ɗaya a Facebook ko X. Mu ma a harshenmu ba baƙon abu ba ne, Sa'adu Zungur da ya rasu a 1958 ai da waƙa ya riƙa faɗa wa masu mulki gaskiya. Siffar ba ita ce abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne akwai wanda kake yi wa magana, akwai abin da kake so ya yi, kuma ka tsara maganar yadda zai yi masa wuya ya kau da kai.

A nan ne ta rabu da huce haushi. Huce haushi fa ba laifi ba ne, ɗan Adam ne, ka ga zalunci ranka ya ɓaci ka ɗauki waya ka rubuta "Allah ya isa, wallahi mutanen nan ba su da imani", abokai su cika wajen kwament da "ka faɗi gaskiya malam", "Allah ya kawo mana ƙarshensu", kowa ya watse. Ka samu sauƙi a ƙirjinka, shi ke nan. To amma wa ya karanta ya ji dole sai ya tashi daga kan kujerarsa? Babu. Ba a ambaci ofis ba, ba a faɗi me aka yi da yaushe ba, ba a nemi komai ba, duk mai muƙamin da ya gani zai ɗauka da wancan ake ba da shi ba.

Ni kaina daga nan na fara. Wani dare na kai ɗan ƙanwata wani asibiti, zazzaɓi ya yi masa mugun kamu, aka ce sai an saka masa ruwa. Babu wuta, janareto ya lalace. Nas ɗin ta ce min "Yaya, ɗan haska min nan", na kunna tocilan wayata na riƙe a saman hannun yaron, tana laluben jijiya yana tsala ihu uwarsa ta danne masa ƙafafu tana hawaye, sai a karo na uku aka samu. Har yau ina tuna yadda hannun nas ɗin ke rawa, ba don ba ta iya aiki ba, don ba ta gani ne sosai. Na koma gida na rubuta fostin mai zafi, duk abin da ke cikina na amayar. An yi ta yaɗawa kam. Bayan sati ɗaya na koma wajen da daddare, duhun nan yana nan yadda na bar shi.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin gwamnati kafin ya yi ritaya ne na nuna wa rubutun, ya karanta har ƙarshe a nutse sannan ya ce "Ɗana, wa ka rubuta wa wannan?" Na ce Baba hukuma mana. Ya ce "Hukuma ba ta da kunne, mutum ne ke da kunne. Wane ofis ne ke da alhakin janareton? Wa ke sa hannu a fitar da kuɗin gyara? Ka sani?" Ban sani ba. Wannan tambayar ita ce ta fahimtar da ni ma'anar kalmar fiye da duk abin da na taɓa karantawa.

Masana magana tun zamanin Aristotle na ƙasar Girka, sama da shekara 2,300 ke nan, sun lura cewa abu uku ne ke sa mutum ya yarda da zancen wani. Akwai amanar mai maganar, wato shin an yarda da kai. Akwai hujja. Akwai kuma taɓa zuciya. Matsalarmu a soshiyal midiya ita ce mun riƙe na ukun kaɗai mun saki sauran biyun, kuma zuciyar ma fushi kawai muke taɓawa.

Dubi maganar hujja. A Amurka akwai wata baƙar fata 'yar jarida, Ida B. Wells, da ta yaƙi kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. A 1892 aka farfasa ofishin jaridarta a Memphis saboda abin da ta rubuta. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne da ta zo a 1895 tana tattara alƙaluman waɗanda aka kashe, ba ta ce ku yarda da ni kawai ba, sai ta ɗauko lissafin daga jaridar fararen fatan kansu, Chicago Tribune. Ka ga ke nan duk mai son ƙaryata ta sai ya fara ƙaryata jaridar gidansu. Wannan dabarar har yau tana aiki. In kana ƙorafi kan aikin da ba a yi ba, nemo kasafin kuɗin da su da kansu suka wallafa, nemo alƙawarin da suka yi a bainar jama'a da ranar da suka yi shi. Ƙasashe da dama suna da dokar 'yancin samun bayanai da ke ba ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardu, Suwidin ta yi tata tun 1766, Amurka a 1966, Najeriya a 2011, amma mutum nawa ne cikin masu kiran kansu 'yan gwagwarmaya suka taɓa rubuta irin wannan buƙatar ko sau ɗaya?

Sai taɓa zuciya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, don a nan aka fi yin kuskure. Ana ɗauka zagi ne ke nuna an damu. A'a. A watan Afrilun 1963 aka kulle Martin Luther King, malamin coci kuma jagoran fafutukar baƙaƙen Amurka, a kurkukun Birmingham da ke jihar Alabama saboda zanga-zangar adawa da wariyar launin fata. Wasu malaman addini fararen fata su takwas suka fitar da sanarwa a jarida suna cewa zanga-zangar ba ta dace ba kuma ba lokacinta ba ne, a yi haƙuri a jira kotu. Yana cikin sel aka kawo masa jaridar, ya fara rubuta amsa a gefe-gefen shafinta don ba shi da takarda. Ka yi tunanin irin fushin da ke cin mutumin da ke kulle ana ce masa ya jira. Amma bai zage su ba, a matsayin 'yan'uwansa malamai ya yi musu magana, ya ɗauki hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya amsa da littafin da su ma suka yi imani da shi. Da ya zo kan maganar jira kuma, sai ya kawo 'yarsa mai shekara shida, yadda harshensa ya sarƙe lokacin da yake ƙoƙarin yi mata bayanin dalilin da ya sa ba za ta iya zuwa wajen wasan yaran da ta gani ana tallarsa a talabijin ba, don an hana yara baƙaƙe shiga. Yarinya ɗaya, wajen wasa ɗaya. Duk uban da ya karanta wannan, ko wane launi ne shi, sai ya ji abin a jikinsa. Da kalmar "zalunci" ya maimaita sau ɗari ba za ta yi wannan aikin ba.

Shi ya sa nake cewa in za ka rubuta, nuna min mutum guda da abin ya shafa, ka bar manyan kalmomin su huta. In ma zai yiwu ka bar shi ya faɗa da bakinsa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma don Allah ka nemi izininsa tukun, kar ka ɗora hoton mara lafiya ko na yaron wani ko sunan ƙaramin ma'aikacin da ya ba ka bayani, kai ka samu laik shi ya rasa aikinsa. Wannan abin yana min ciwo sosai in na gani.

Amana kuwa ita ce jarin, kuma sau ɗaya take zubewa. Ka ƙara gishiri a lamba ɗaya, ka ce mutum hamsin alhali goma sha biyu ne, ko ka ɗora tsohon hoto na wata ƙasa ka ce jiya ne, to wallahi ka ba wanda kake ƙorafi a kansa kyauta. Ba zai ƙara taɓa maganar goma sha biyun ba, ƙaryar taka zai riƙe har kowa ya manta da asalin zancen. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a intanet ma ya fi ƙurewa tunda ana ajiye komai.

Kuma kar wani ya ce maka abin ba shi da haɗari. Ranar 13 ga Janairun 1898 marubucin Faransa Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasarsu a shafin farko na jaridar L'Aurore, kan wani hafsan soja Bayahude, Alfred Dreyfus, da aka ɗaure bisa ƙagen cin amanar ƙasa. Zola ya kira sunayen manyan sojojin da yake zargi ɗaya bayan ɗaya, yana sane sarai za a maka shi a kotu kan ɓata suna, hasali ma abin da yake so ke nan don a sake tono maganar a gaban alƙali. An kuwa yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya gudu Ingila. Sai a 1906 aka wanke Dreyfus gaba ɗaya, lokacin Zola ya yi kusan shekara huɗu da mutuwa. Ba wai ina cewa kowa ya je ya kira sunan janar ba ne. Ina nufin ka san dokar ɓata suna ta ƙasarka kafin ka danna, ka bambance abin da ka gani da idonka da abin da aka ce maka, kuma in za ka zargi mutum da sunansa to takardarka ta kasance a hannu.

Abu ɗaya kuma da ake mantawa, ba sai kai gwanin rubutu ba ne. Ƙungiyar Amnesty International ta samo asali ne daga sharhi guda da wani lauya ɗan Ingila, Peter Benenson, ya buga a jaridar The Observer a watan Mayun 1961, inda ya roƙi masu karatu su riƙa rubuta wasiƙu saboda mutanen da aka ɗaure kan ra'ayinsu. Wasiƙun nan gajeru ne, na talakawa, cikin ladabi, ƙarfinsu a yawansu yake da kuma rashin dainawa. Mai kurkuku ya san duniya ta san sunan wanda ke hannunsa.

Ni dai bayan maganar dattijon nan na koma asibitin na yi tambaya a hankali har na gano ofishin da abin ke hannunsa da muƙamin wanda ke sa hannu. Na rubuta shafi ɗaya tak. Ranar da na je, ƙarfe nawa, abin da na gani, dare nawa aka yi a jere babu wuta, ban sa sunan nas ko ɗaya ba. A ƙarshe na ce muna roƙon a gyara janareton ko a saka sola a ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa, kuma za mu dawo jin amsa bayan sati biyu. Maƙwabta suka sa hannu, dattijon ma ya sa nasa, shi ne ma ya ce in yi kwafi biyu in tabbatar an buga min hatimin karɓa a ɗaya da kwanan wata. Hoton wannan mai hatimin na ɗora a shafina, ban ƙara ko kalmar zagi ɗaya ba.

Sati biyu suka wuce shiru. Na kai ta biyu, na manna kwafin ta farkon a bayanta. Sai a lokacin wani ya zo ya duba wajen, bayan wasu watanni aka saka sola a ɗakuna biyun. Da na je kwanan baya da daddare ɗakin gaggawa da haske, amma barandar da masu jinya ke kwana da ɗakin yara har yanzu da waya ake haskawa, na ƙirga gadajen da ke ɗakin yaran na rubuta a takarda, wasiƙa ta uku tana cikin jakata, ranar Litinin zan kai.