An yi wa ma'aikacinka rasuwa: me ya rataya a wuyanka a matsayin shugaba?

Ma'aikaci ya kira da asuba ya ce mahaifinsa ya rasu. Me za a fara yi?

A ba shi izinin tafiya nan take. Musulmi kan binne mamaci a ranar, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i, don haka babu lokacin cike takarda. A yi masa ta'aziyya, a tambayi inda za a yi jana'iza da ƙarfe nawa, a ce ya bar maganar aiki. Idan makullin sito ko wani fayil na hannunsa, a tura a karɓo, kada a sa shi ya biyo ta ofis. Sannan a nemi izininsa kafin a sanar a zauren WhatsApp na ma'aikata. Rasuwar uba ba abin ɓoyewa ba ce, amma ɓarin ciki ko rasuwar jariri, da yawa ba sa son a yaɗa.

Kwana nawa ya kamata a ba shi?

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yi maganar hutun shekara da na rashin lafiya da na haihuwa, amma ba ta ware hutun rasuwa ba. Ya rage ga kowace ma'aikata ta rubuta nata tsarin, kuma gara a rubuta tun kafin a buƙace shi, don kada a ba na kusa da oga sati biyu, a ba masinja kwana ɗaya.

Zaman makoki kwana uku ne, sai a ɗora kwanakin tafiya. Wanda ke aiki a Legas, gidansu na Gusau, kwana biyu na tafiya ne kawai. Babban ɗa kuma aikinsa bayan an watse yake farawa: bashin mamaci, rabon gado, ƙanne da suka dawo wuyansa. Ma'aikaci Kirista sau da yawa zai buƙaci hutu kashi biyu, domin ana iya ajiye gawa makonni kafin binnewa.

Matar da mijinta ya rasu fa?

A nan aka fi yin kuskure. Takaba wata 4 ce da kwana 10, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234; mai ciki kuwa har ta haihu. Malamai da dama sun halatta mata fita da rana don buƙata, har da aikin da take ci da shi, amma ta kwana a gidanta, ba ado ba turare. Ma'anar wannan ga shugaba: a cire ta daga aikin dare, kada a tura ta taron da zai sa ta kwana a wani gari, kada a yi mata sauyin wurin aiki a wannan tsakanin. Idan aikin na yiwuwa daga gida, a bar ta. A tambaye ta abin da ta zaɓa, kada a yanke mata.

Gudummawar kuɗi fa?

A yi karo-karo na ganin dama, mutum ɗaya ya tara, a kai a ambulan ba tare da jerin wa ya ba da nawa ba. A kai cikin kwana ukun farko, lokacin da ake ciyar da masu zuwa gaisuwa. Kada a zaftare daga albashin kowa.

Ya dawo aiki, amma kamar ba shi ba. A yi masa magana?

A yi, amma a keɓe. Mantuwa, rashin barci da raguwar natsuwa duk cikin alhini suke. Akanta zai iya maimaita lissafi sau uku bai daidaita ba, kuma takardar tuhuma ba ta gyara wannan. A rage masa kaya na sati biyu zuwa huɗu, a sa wani ya riƙa bin bayan aikinsa. Direba ko mai aiki da inji, a ɗauke shi daga doguwar tafiya da aikin dare tukuna, domin kuskurensa rai yake ci.

"Ya aka ji da haƙuri?" ta wadatar. A guji "ai ya ci a ce ka ware", da tonon yadda aka yi mutuwar. Mu mun iya cika gida ranar farko. Sati na uku, da kowa ya koma harkarsa, shi ne lokacin da ya fi buƙatar a leƙa shi.

Yaushe abin ya wuce ƙarfin shugaba?

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar alhinin da ya haura wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa a matsayin larurar da ke buƙatar magani. Idan ya daina cin abinci, ya fara shaye-shaye, ko yana cewa gara ya bi mamacin, kada a jira wata shida. A nemi wani na jikinsa, a haɗa shi da likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen.