Ƙarfe da ruwan gishiri: tambayoyi kan gidajen da ke ƙera kayan jiragen ruwa

Ɗan yayana yana koyon walda a Sabon Zongo, nan Akra. Ranar wata Talata, ranar da masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku, na raka shi bakin ruwa a Jamestown ya kai anka, wato ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, guda biyu da mastansa ya haɗa. A hanyar dawowa ya cika ni da tambayoyi, na ga ya kamata in rubuta su.

Kawu, me ake nufi da kayan ƙarfen jirgi?

Duk wani ƙarfe da jirgi ke dogara da shi in ka cire inji: anka da sarƙarta, ƙusoshi, noti, ƙugiyoyi, zoben ɗaure igiya, sai dalmar da ake maƙala wa taru don ya nitse. Kwalekwalen masuntanmu daga gungumen wani itace da ake kira wawa ake sassaƙa shi, sannan a ƙara masa katako a gefe, kuma ƙusa ce ke riƙe da katakon nan a tsakiyar teku.

Tun yaushe sana'ar take a nan?

Ta girmi tashoshin jiragen kansu. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema kuwa sai 1962. Kafin Tema, manyan jirage can nesa da gaɓar Akra suke tsayawa, ƙananan jiragen tuƙi da hannu su yi ta jigilar kaya ta cikin igiyar ruwa, kullum cikin karyewa da gyara. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ɗaura wa kwalekwale injin waje, sai aka buƙaci abin riƙe injin mai ƙwari. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya buɗe wata kasuwar har Yeji. Maƙerin zango da ya gaji ƙirar fartanya da wuƙa, in mai kwalekwale ya zo da karyayyen ƙarfe ba ya cewa bai iya ba. Ta wannan ƙofar wasu gidaje suka shiga.

Me ya sa aka fi samun sana'ar a hannun 'yan gida ɗaya?

Nan ne zancen yake. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, kuma gishirin nan ba ya gaggawa. Anka biyu za ka gani a ajiye, fenti ɗaya, nauyi ɗaya. Sai bayan shekara biyu ko uku ɗaya ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, ɗayar tana nan daram. Mai saye ba shi da hanyar ganewa ranar ciniki, don haka sunan gida yake saye. In aikin uba ya yi kyau, ɗa ne zai ci moriyar yabon. In uba ya yi ha'inci, masunci zai zo ya tsaya a kan ɗan da ruɓaɓɓen ƙarfe a hannu, ko da uban ya daɗe a ƙasa.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo ɗan ƙabilar Fante ya ɗaga ankar da muka kawo, ya ƙwanƙwasa ta da dutse, ya kasa kunne, ya shafa wurin waldar da babban yatsa. Bai tambayi kuɗi ba tukuna, sai ya ce wa yaron, "Jikan wane ne mastanka?" Da ya ji sunan kakan, ya ajiye dutsen.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, kamfanin ƙera kayan jiragen ruwa na Perko da aka kafa a 1907, wanda ke Miami yanzu, ya daɗe a hannun iyali guda. Kamfanin Harken kuma, mai irin wannan sana'a, 'yan'uwa biyu ne, Peter da Olaf, suka fara shi a 1967 a jihar Wisconsin.

To mene ne sirrin da uba ke koya wa ɗa?

Sanin ƙarfe, kafin sanin guduma. Baƙin ƙarfe tsirara ba ya jure teku, sai an tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Celsius, ta lulluɓe shi. Tutiyar ce ke fara cinyewa ta kare na ciki. Jan ƙarfe da aka gauraya da kuza yana shekaru a ruwa lafiya lau, amma wanda aka gauraya da tutiya mai yawa, gishiri na tsotse tutiyar ya bar shi jajir, ka matsa ya farfashe. Ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa iri-iri ne: mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Sannan ba a haɗa ƙarfe biyu mabambanta a jiƙe ba tare da lura ba, don ɗaya zai ci ɗaya. Tsofaffin maƙera ba su san lambobin nan ba, amma sun san launin tartsatsi da ƙarar ƙarfe a kan uwar maƙera.

Ina suke samun ƙarfen?

Yawanci wurin 'yan gwangwan. Da aka rushe kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021, masu ƙira da yawa sun ji a jikinsu. Wasu har Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, suke aikawa.

Me ke kashe irin waɗannan gidaje?

Kayan waje masu araha na farko. Sai rabon gado: uba ya rasu, a raba injin walda da masaba da rumfa, kowa ya kama gabansa, sunan ya watse. Wannan ya fi ci mini rai, don abu ne da za a iya kauce masa tun uban na da rai, a zauna a rubuta wa zai riƙe maƙera, wa za a biya rabonsa da kuɗi.

Ni da ba ɗan gida ba fa, Kawu, ina da rabo?

Kana da shi. Gidaje da yawa yaron masta ne ya riƙe su bayan 'ya'yan sun tafi boko. Ranar Talata mai zuwa ka koma Jamestown kai kaɗai, ka nemi ankar da mastanka ya sayar shekara uku da suka wuce, ka duba ta inda tsatsa ta fara kama ta, ka dawo ka gaya masa.