Motoci masu amfani da haidirojin da tashoshin da ke shayar da su

Mota mai amfani da haidirojin mota ce ta lantarki wadda take samar da wutarta da kanta tana cikin tafiya. Maimakon ƙaton batirin da ake caji a bango, tana ɗauke da iskar haidirojin a matse cikin tankuna, da kuma wata na'ura da ke haɗa iskar da oksijin na sararin sama domin a samu wutar da za ta juya tayoyi. Babu ƙonewa a cikin wannan aiki, kuma abin da ke ɗiga daga salansarta ruwa ne. Kowane kilo ɗaya na haidirojin yana barin kusan kilo 9 na ruwa.

Dabarar tsohuwa ce. Wani lauya masanin kimiyya ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna ta a 1839, sannan hukumar NASA ta Amurka ta yi amfani da ita wajen ba kumbunan Gemini da Apollo wuta a shekarun 1960. Kamfanin General Motors ya gwada ta a wata mota mai suna Electrovan a 1966. Ba ta shiga kasuwa sosai ba sai da Hyundai ya fara ƙera samfurin ix35 mai haidirojin a 2013, Toyota ya fitar da Mirai a Japan a watan Disamba na 2014, Hyundai kuma ya biyo da Nexo a 2018.

Yadda wutar ke fitowa

Zuciyar motar ita ce jerin ƙwayoyin lantarki, wato ɗaruruwan faranti sirara da aka jera kamar takardun littafi aka ɗaure su tam. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai tantanin roba na musamman, wanda bai kai kaurin takarda ba, an shafa masa garin ƙarfen filatinam a fuskokinsa biyu. Haidirojin yana shigowa ta fuska ɗaya, sai filatinam ya raba shi gida biyu, furoton da ilektiron. Tantanin yana barin furoton ya ratsa, amma yana tare ilektiron, don haka dole ilektiron ya zagaya ta waya kafin ya isa ɗaya fuskar. Wannan zagayen shi ne wutar lantarkin. A can ɗaya gefen sai su sake haɗuwa da oksijin su zama ruwa.

Ƙwaya ɗaya ba ta wuce folt 0.6 zuwa 0.7 idan tana ɗauke da aiki, shi ya sa ake jera su da yawa. Mirai ta farko tana da ƙwayoyi 370 masu ba da kilowat 114, ta biyu kuwa, wadda ta fito a 2020, tana da 330 masu ba da kilowat 128. Akwai kuma ƙaramin batir da ke adana wutar da ake samu yayin taka birki, ya taimaka lokacin da direba ya taka totur da ƙarfi.

Jerin ƙwayoyin yana da tsirfa. Yana aiki ne a zafin digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma tantanin yana buƙatar laima daidai gwargwado. In ya bushe, furoton ba ya wucewa da kyau. In ruwa ya yi yawa, sai ya toshe ƙananan hanyoyin iska wuta ta ragu. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan da ya kwana a ciki yana iya daskarewa ya lalata tantanin, saboda haka motar takan hura iska ta kore ruwan bayan an kashe ta. Babban abokin gabarsa kuwa shi ne gurɓataccen haidirojin. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 14687 ta ce tsarkinsa ya kai kashi 99.97 cikin 100, domin ɗan burɓushin iskar kabon monoksaid ko sinadarin sulfa yana mannewa a jikin filatinam ya hana shi aiki. Lahanin da sulfa ke yi ba kasafai yake gyaruwa ba.

Tankin da matsinsa

Haidirojin yana da ƙarfi sosai idan aka auna shi da nauyi: kilo ɗaya yana ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 33, daidai da lita 3.8 na fetur ko kusa da haka. Matsalar ita ce babu iskar da ta kai shi rashin nauyi, don haka sai an danna shi da matsi mai tsanani kafin a samu abin kirki a cikin tanki. Ƙananan motoci suna ɗaukarsa a matsin ba 700 ("ba" shi ne ma'aunin matsin iska), manyan bas da tireloli kuma yawanci a ba 350. Domin a gane girman wannan, iskar tayar mota takan tsaya ne a matsin ba 2 da ɗoriya, tukunyar gas ɗin CNG da ake sa wa motoci a Nijeriya kuma tana tsayawa a kusan ba 200.

Ba a yin tankunan ƙananan motoci da ƙarfe zalla. Cikinsu roba ce mai hana yoyo, an naɗe ta da zaren kabon mai kauri. Dalili ɗaya shi ne nauyi, na biyu kuma haidirojin yana kutsawa cikin wasu nau'o'in ƙarfe ya sa su yi gautsi har su tsage. Kowane tanki yana da bawul ɗin tsira da ke buɗewa da kansa idan zafi ya kai kusan digiri 110, ya saki iskar kafin gobara ta fasa tankin. Mirai ta biyu tana ɗaukar kilo 5.6 a tankuna uku, kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka wani samfurinta ya kai kilomita 647 da cikon tanki ɗaya.

Abin da ke faruwa a tasha

Direba yana ganin abu mai sauƙi: ya maƙala kan tiyo a bakin tanki, ya kulle, cikin minti 3 zuwa 5 ya cika. Bayan katangar tashar kuwa ƙaramar masana'anta ce. Tirela takan kawo haidirojin a matse cikin dogayen tukwane, ko kuma tanka ta kawo shi a matsayin ruwa mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Wasu tashoshi ƙalilan suna samar da nasu a wurin ta hanyar raba ruwa da lantarki. Daga nan kwamfireso ya ƙara masa matsi zuwa kusan ba 900 ya tara shi a tukwanen ajiya, domin iska ba ta shiga tankin mota sai matsin tasha ya fi na motar.

Akwai kuma batun zafi. Iska tana ɗumama idan aka danna ta cikin tanki da sauri, kamar yadda famfon keke ke zafi a hannu, alhali robar tankin ba a yarda ta wuce digiri 85 ba. Saboda haka ƙa'idar SAE J2601 ta tanadi a sanyaya haidirojin har zuwa digiri 40 ƙasa da sifili kafin ya shiga tiyo, motar kuma tana aika wa famfo bayanin zafi da matsin tankinta ta wata ƙaramar fitilar da ido ba ya ganin haskenta.

A nan ne yawancin matsaloli suke. Kwamfireso shi ne ya fi yawan lalacewa. Idan motoci suka yi layi, matsin tukwanen ajiya yana sauka, sai na huɗu ko na biyar ya jira ko ya tafi da tanki bai cika ba. A ranar da iska ke da laima, ƙanƙara takan kama kan tiyo ya manne a jikin mota har sai ta narke. Tirelar tukwanen ƙarfe kuma kilo 300 zuwa 400 kawai take ɗauka, abin da bai wuce cikon motoci 60 zuwa 80 ba. A Japan an sha ƙiyasta kuɗin gina tasha ɗaya a kan yen miliyan 400 zuwa 500, wato ninki huɗu ko biyar na gidan mai.

Haidirojin yana kama wuta idan ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na iska, ba shi da wari, harshen wutarsa kuma da kyar ake ganinsa da rana. Sauƙinsa ɗaya shi ne yana tashi sama da sauri a fili. A watan Yunin 2019 wata tasha ta fashe a Kjørbo kusa da Oslo a Norway, bincike kuma ya gano cewa wani murfin tukunyar ajiya ne ba a ɗaure shi daidai ba.

Yaɗuwar tashoshi

Mutane ba sa sayen mota in babu inda za su sha haidirojin, masu jari kuma ba sa gina tasha in babu motoci. Kusan ko'ina gwamnati ce ta shiga tsakani da tallafi.

Jihar Kalifoniya ce misalin da ya fi bayyana komai. Dokar da ta yi a 2013 ta ware dala miliyan 20 duk shekara har a samu tashoshi 100, sannan a 2018 Gwamna Jerry Brown ya ɗaga burin zuwa 200 kafin 2025. Ko na farkon ba a cim ma ba. A Yunin 2019 gobara a wurin loda haidirojin da ke Santa Clara ta bar tashoshin yankin San Francisco cikin ƙarancin iska na tsawon watanni, abin da ya nuna haɗarin dogara da majiya ɗaya. A 2023 farashin kilo ya kai dala 36 a tashoshi da dama, wato cika Mirai ya kusa dala 200, a watan Fabrairun 2024 kuma Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motoci a jihar. Wanda ya sayi mota mai kyau sai ya wayi gari yana duba waya ya ga wace tasha ce ke aiki yau.

Japan ta fitar da tsarinta na ƙasa kan haidirojin a Disamban 2017, kamfanoni 11 kuma, ciki har da Toyota da Nissan da Honda, suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna JHyM a 2018 domin gina tashoshi tare. Koriya ta Kudu ta buɗe tasha a harabar majalisar dokokinta a Seoul a 2019 domin ta kwantar wa jama'a hankali game da tsaro. A Jamus kamfanin H2 Mobility, wanda aka kafa a 2015, ya kusa kai tashoshi 100, amma daga baya ya fara rufe ƙananan ya karkata ga masu shayar da manyan motoci. Zuwa ƙarshen 2024 tashoshin duniya sun haura 1,000, mafi yawansu a Asiya, Sin ce kuma a gaba.

Sin ta bi hanyar da ta fi ma'ana, domin ta fara da bas da manyan motocin kaya. Waɗannan suna bin hanya ɗaya kullum, suna kwana a gareji ɗaya, suna shan kilo da yawa, don haka tasha ɗaya tana samun cinikin da zai riƙe ta. Hyundai ma ya kai tirelolinsa na Xcient ƙasar Suwizalan a 2020. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta wajabta tasha a kowane kilomita 200 na manyan hanyoyinta kafin ƙarshen 2030.

Tushen iskar da gogayya da batir

Tsabtar motar ta dogara da inda haidirojin ya fito. Mafi yawan wanda ake samarwa a duniya daga iskar gas ko kwal yake, kuma kilo ɗaya daga gas yana fitar da kusan kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon dayoksaid. Wanda ake samu ta raba ruwa da wutar rana ko ta iska ba shi da wannan aibi, amma kilo ɗaya yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55. Idan aka haɗa asarar matsawa da jigila da sake mayar da shi lantarki, kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar farko ne ke isa taya, alhali mota mai batir tana isar da kusan kashi uku cikin huɗu. Wannan giɓi, tare da faɗuwar farashin batir, shi ya sa kamfanoni da yawa suka mayar da hankalin haidirojin kan manyan motocin dogon zango, inda nauyin batir da tsawon lokacin caji ke rage kaya da riba.