Augustus Saint-Gaudens

Augustus Saint-Gaudens (1848–1907) masassaƙi ne ɗan Amurka wanda ya yi suna da mutum-mutumin tagulla na tunawa da yaƙin basasar ƙasar.

Farkon rayuwa

An haife shi a Dublin ranar 1 ga Maris 1848. Mahaifinsa Bafaranshe ne mai ɗinkin takalma, mahaifiyarsa kuma 'yar Ireland, suka ƙaura da shi New York yana jariri. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi koyon sassaƙa ƙananan fuskoki a kan duwatsun ado. A 1867 ya tafi karatu Paris, daga nan ya wuce Roma.

Abin tunawa da Shaw

Mutum-mutumin Admiral Farragut, babban kwamandan sojan ruwa a yaƙin basasar, da aka buɗe a New York a 1881 ne ya fito da shi, amma aikin da ya fi ɗaukar ransa shi ne na Kanar Robert Gould Shaw, farar fata, da Runduna ta 54 ta Massachusetts da ya jagoranta, ɗaya daga cikin rundunonin baƙar fata na farko a sojan jihohin Arewacin Amurka da suka yaƙi na Kudu. An kashe Shaw yana ɗan shekara 25 a harin da suka kai sansanin Wagner na sojan Kudu, ranar 18 ga Yuli 1863, aka binne shi cikin rami ɗaya da sojojinsa.

Da farko kanar shi kaɗai a kan doki Saint-Gaudens ya yi niyyar ƙerawa, sai dangin Shaw suka ƙi. Saboda haka ya sa shi tsakiyar sojojinsa suna tafiya a sahu, bindigogi a kafaɗa, barguna naɗe a kan jakunkunan baya, yaro mai ganga a gaba. Ya riƙa ɗauko baƙaƙen mutane suna zama a gabansa, ya ƙera kawuna kusan 40 da laka, shi ya sa kowane soja da tasa fuskar. Aikin ya ci kimanin shekara 14 kafin a buɗe shi a Boston ranar 31 ga Mayu 1897.

Wasu na sukar yadda aka ɗora farar fata a sama, baƙaƙe a ƙasa. Sunayen baƙaƙen sojojin da suka mutu ba su shiga jikin ginin ba sai farkon shekarun 1980.

Sauran ayyuka da rasuwa

Saint-Gaudens ya yi mutum-mutumin Shugaba Abraham Lincoln a tsaye a Chicago (1887) da na Janar Sherman na sojan Arewa a New York (1903), ya kuma tsara kuɗin zinariya na dala 20 bisa roƙon Shugaba Theodore Roosevelt. Ciwon daji ya kashe shi a Cornish, jihar New Hampshire, ranar 3 ga Agusta 1907.